Ya rasu ya bar mata biyu: matar shahararre a hannun mai rubuta tarihi

Duk wanda ya saba karanta tarihin malamanmu da attajiranmu ya san jimlar da ake rufe zance da ita: ya rasu ya bar matan aure biyu da 'ya'ya goma sha huɗu da jikoki da dama. An cika shafi ɗari biyu da malaman da ya yi karatu a gabansu, da garuruwan da ya ratsa kafin ya iso Makka, da masallacin da ya gina, da almajiransa ɗaya bayan ɗaya har da sunayen iyayensu. Matan da suka yi shekara arba'in suna tashi da asuba saboda shi kuwa, lissafi kawai ya same su. Ba suna, ba gari, ba ko shekarar da aka ɗaura auren.

Maganar ta fara shafarmu a nan Saudiyya domin jikokin waɗanda suka taho da ƙafa ta Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, yanzu sun yi karatu mai zurfi kuma suna son rubuta kakanninsu. Cikin mutanenmu an yi malamai irin su Shaihu Umar Fallata da ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi a Madina, an yi 'yan ƙwallo irin su Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan wasan ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, ga kuma tarin waɗanda sunansu bai wuce unguwannin Shara Mansur da Misfala na Makka ba amma a unguwa ba a yanke magana sai da su. Wanda duk ya ɗauki alƙalami a kan ɗayansu, wata rana zai tsaya a bakin ƙofar cikin gida. Namu marubutan galibi juyawa suke yi su koma zaure. Na Turai da Amurka da yawa kutsa kai suke yi ba sallama. A ganina su duka biyun wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: ba wanda ya tambayi matar abin da take so a faɗa da abin da take so a bari.

Shahara ta mutum ɗaya ce. Shi ya hau mumbari, shi ya karɓi muƙami, shi ya yarda jama'a su auna shi. Ita sadaki ta karɓa, ba ta yi alkawari da jama'a ba. Sai dai mai rubutu ba zai iya kawar da kai gaba ɗaya ba, don babu shaidar da ta kai ta. Ita ta san ko mai wa'azin haƙuri yana da haƙuri, ita ta san inda kuɗin suka fito a shekarun da babu, ita ta ga daren da ya kasa barci kafin ya yanke shawarar da ta sa aka san shi. Tarihin da aka cire ta daga ciki ya zama yabo, kuma yabo muna da maroƙa da suka fi marubuta iya shi.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne takardu ba sa tsira daidai wa daida. Na shahararre ake adanawa, na abokiyar zamansa kan salwanta, wani lokaci da gangan. T. S. Eliot, sha'irin da ya ci kyautar Nobel a 1948, ya rubuta wa wata malamar makaranta Ba'amurkiya, Emily Hale, wasiƙu 1,131 cikin shekara ashirin da wani abu. A 1956 ta kai su Jami'ar Princeton bisa sharaɗin kada a buɗe sai bayan shekara 50 da rasuwar wanda ya yi saura a cikinsu. Shi ya rasu a 1965, ita a 1969, aka buɗe akwatunan a Janairun 2020. A ranar sai ga wata takarda da Eliot ya rubuta tun farkon shekarun 1960 ya ajiye a Jami'ar Harvard, da umarnin a fito da ita lokaci ɗaya da wasiƙun, yana cewa da ya aure ta da ta kashe sha'irin da ke cikinsa. Wasiƙun da ita ta rubuta masa kuwa ya sa an ƙone su. Ya tanadi amsarsa tun yana raye don a karanta bayan ransa, ita kuma ɗan taƙaitaccen bayanin da ta bari ne kawai ya rage mata. Mai rubuta tarihin Eliot a yau yana da muryar namiji sau dubu da ɗari, ta mace kuwa sai dai ya yi ta kintace daga amsoshin da aka ba ta.

A ƙasashen Larabawa rigimar da ta fi tayar da ƙura ta juya ne ta ɗaya gefen. An kashe marubucin Falasɗinu Gassan Kanafani da bam a motarsa a Bairut a 1972. Bayan shekara 20, a 1992, marubuciya Gada Samman ta buga wasiƙun soyayyar da ya rubuta mata a shekarun 1960, alhali lokacin da ya rubuta su yana da mata da 'ya'ya, kuma lokacin da aka buga su matar tana raye. Hujjarta ita ce wasiƙun adabi ne, kuma wanda aka mayar gunki yana da haƙƙin a san shi mutum ne mai zuciya. Masu sukarta suka ce ta tozarta shahidi, suka kuma tambaya ina nata wasiƙun, ta ce ba sa hannunta. An yi ta musu a kan martabar Gassan da niyyar Gada. Wadda aka fi taɓawa, matar da ta raini marayu shekara ashirin sannan ta wayi gari duniya na karanta abin da mijinta ya rubuta wa wata, ita ce aka fi mantawa a cikin musun. Kusan kullum haka abin yake: sirrin mutum biyu in ya fito, akwai na uku da ke biyan kuɗinsa.

Malamanmu sun riga Turawa shiga wannan muhawara da ƙarnuka. Tun da daɗewa akwai masu cewa rubuta tarihin mutane giba ce aka yi wa ado, suna kafa hujja da ayar Suratul Hujurati da ta hana bin diddigi da cin naman juna. Imam Sakhawi, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 902 bayan hijira, sai da ya rubuta littafi sukutum don mayar musu da martani. Abin sha'awa shi ne yadda shi kansa ya yi da mata. A babban kundinsa na mutanen ƙarni na tara, juzu'in ƙarshe na mata ne, su fiye da dubu, kowace da sunanta da na mahaifinta, da malaman da suka ba ta ijaza, da wanda ta aura, da wanda ya sake ta, da wanda ta aura bayansa. Yawan bayanin ya kai masu bincike na zamani sun dogara da shi wajen ƙiyasta yadda saki ya yawaita a Masar da Sham a wancan zamani. Kafin shi da ƙarnuka, Ibn Sa'ad ma ya ware wa mata juzu'i guda a Ɗabaƙat ɗinsa. Ashe ɓoye sunan mace a littafi ba gadon malamai ba ne. Al'ada ce ta shigo daga baya ta ari rigar addini.

Amma sun ja layi, kuma layin a fili yake. Aure da saki abubuwa ne da shari'a ta ce a yi a gaban shaidu, don haka faɗarsu ba tonon asiri ba ne. Abin da ke bayan labule kuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito ya sa mijin da ke yaɗa sirrin matarsa cikin mafi munin matsayi ranar alƙiyama. A nan akwai abin da ya kamata mai rubutu ya tsaya a kai. In mijin da kansa ba shi da ikon yaɗa wannan sirri, to takardun da ya mutu ya bari ba su ba magadansa wannan iko ba, balle baƙon da magadan suka miƙa wa akwati. Cewa ɗan marigayi ne ya ba ni da hannunsa ba ta wanke kowa. Zargin alfasha kuma babinsa daban: Suratun Nur ta ce shaidu huɗu ko bulala tamanin, kuma ba ta ware marubuta ba.

Tsakanin shiru da kutse, marubuta sun gwada dabaru iri-iri, kowace da abin da take ci. Mafi tsufa ita ce sharewa. Marubucin Ingila Charles Dickens ya rabu da matarsa a 1858 bayan ta haifa masa 'ya'ya goma, ya ci gaba da hulɗa da wata matashiyar 'yar wasan kwaikwayo, Ellen Ternan, har ya mutu. Amininsa John Forster ya rubuta tarihinsa juzu'i uku bai kawo ta ba, in ban da sunanta da ya fito a wasiyyar da aka liƙa a ƙarshe, inda aka bar mata fam 1,000. Sai a 1990 aka samu wadda ta rubuta tarihinta ita kanta a tsanake. Forster zai ce ya rufa mata asiri. Gaskiya sunan abokinsa ya kare, kuma wadda ta fi cutuwa da shirun ita ce uwargidan da aka fitar daga gidanta ba a faɗi dalili na gaskiya ba.

Akwai kuma sauya suna. Barack Obama a littafin rayuwarsa na 1995 ya faɗa tun a gabatarwa cewa ya canza sunaye, wasu mutanen ma ya haɗa su ya mai da su mutum ɗaya, don kare sirrinsu. Dabarar ta yi aiki muddin shi ba kowa ba ne. Da ya zama shugaban Amurka, masu rubuta tarihinsa suka bi sawu suka gano matan da ya nema yana saurayi, ɗaya ma aka buga sassan littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum a 2012. Da saninta aka yi, amma darasin yana nan: sunan aro ba ya jure shahara. A unguwa irin tamu ma ko shaharar ba a bukata. Ka rubuta cewa wata baiwar Allah 'yar Katsina da ke saida turare a Hindawiyya, kafin la'asar kowa ya san wadda kake nufi.

Gazi Algosaibi, ministan Saudiyya kuma jakada da ya rasu a 2010, wata hanya ya bi. Littafin rayuwarsa na 1998 tun daga sunansa ya iyakance shi ga aikin gudanarwa: ma'aikatun da ya riƙe, rigingimun da ya yi, kurakuran ofis. Mai karatu ya san tun farko cewa ba za a kai shi cikin gida ba, don haka ba a yaudare shi ba. Wannan ya fi mini littafin da ke ikirarin kawo rayuwar mutum dukanta alhali an yanke rabinta an ɓoye. Ɗaha Husain, makahon marubucin Masar, kuma a labarin rayuwarsa ya yi ta ambaton matarsa Bafaranshiya, wadda ta zame masa ido tun aurensu a 1917, ta hanyar siffantawa maimakon kiran suna. Bayan ya rasu a 1973 ita Suzan ta zauna ta rubuta nata littafin a kan zamansu. Ta faɗi abin da ta ga dama, ta bar abin da ta ga dama. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai dai mata nawa ne cikin matan malamanmu aka taɓa miƙa wa alƙalami ko aka ajiye wa na'urar ɗaukar magana?

Lokaci ma dabara ce. Wasiƙun da shugaban Faransa Mitterrand ya rubuta wa matar da ya ɓoye shekaru da dama ba a buga su ba sai a 2016, shekara 20 bayan mutuwarsa, bayan uwargidansa ma ta rasu, kuma ita mai wasiƙun ce ta yarda aka buga.

In muka dawo gida, misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Sardauna. Littafin rayuwarsa na 1962 kusan dukansa mulki ne da siyasa, kamar yadda ake tsammani daga basarake na zamaninsa. A daren 15 ga Janairun 1966 da sojoji suka shiga gidansa a Kaduna, uwargidansa Hafsatu tana tare da shi, tare aka kashe su. Mutuwarta ce ta shigar da ita tarihi. Sai bayan shekaru masu yawa aka samu mace ta rubuta littafi a kanta. Nana Asma'u kuwa, da yake ita mai alƙalami ce, ba ta jira kowa ba: da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu ta yi masa marsiyya, kuma daga irin waɗannan waƙoƙi nata ake gane yadda gidan yake. Nan Saudiyya ma ba za a iya ba da labarin ilimin 'ya'ya mata ba tare da Iffat matar Sarki Faisal ba, wadda ta kafa makarantar Darul Hanan a Jidda a 1955, kuma yau akwai jami'a da sunanta. Sarki Abdul'aziz da kansa da sunan 'yar'uwarsa Nura yake kirari. Wanda ke jin kiran sunan mahaifiyarsa a littafi abin kunya ne, ya dubi waɗannan.

Abin haushi, in macen ce shahararriya sai ma'aunin ya kife. A'isha Fallatiya, 'yar mutanenmu da aka haifa a Kasala ta ƙasar Sudan, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU. Ka saurari yadda ake hirar irin waɗannan mata a majalisa, ba za a daɗe ba wani zai jefo tambayar aure nawa ta yi, me ya fitar da ita. Kunyar da ta hana mu ƙirga auren namiji ba ta hana mu ƙirga na mace.

Na taɓa zama a wani gida a Makka inda wani saurayi ke ɗaukar maganar kakarsa don littafin da yake haɗawa a kan kakansa, malamin da almajirai suka daɗe suna cika masa zaure. Tsohuwar tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa, ga shayi da na'ana'a a ƙananan kofuna, wayar tana ajiye a gabanta.

"Hajiya, yaya aka yi kuka haɗu da Malam?"

"Haɗuwa kuma? An dai ba shi ni. Kai da kake mijin zamani sai ka je ka yi ta haɗuwa."

Har aka tashi ba ta kama sunansa ba, daga Malam sai shi. Da hira ta yi nisa ta nuna kabad ɗin littattafai da haɓa ta ce: "Waɗannan da kake gani, rabinsu da kuɗin wainata aka saye su. Shekara nawa ina suya tun kafin kiran assalatu, yara na kaiwa wajen alhazai. Wannan ka rubuta." Babban ɗanta, ma'aikaci ne mai rufin asiri, ya gyara zama ya ce: "Inna, ba sai an sa wannan ba." Ta dube shi ta ce: "Wainar ce ta yi maka ƙauri yanzu?" Can kuma da aka zo kan matar da Malam ya baro a ƙauye da alkawarin zai aiko a taho da ita, bai aika ba har ta gaji ta nemi saki, sai ta sa hannu ta rufe wayar. "Kashe abin nan. Wannan ba nawa ba ne, kuma 'ya'yanta suna nan da ransu."

Tsohuwar nan ta raba abin da marubuta da yawa suka kasa rabawa. Abin da yake nata, ita ke da ikon cewa a faɗa, ko da 'ya'yanta na jin nauyi. Abin da yake na wata, ba ta bayar ba. Ɗan kuma da ya so a cire zancen waina zai rantse yana kare mutuncin mahaifiyarsa ne, alhali matsayinsa a idon abokan aiki yake karewa. Da yawan abin da ake kira rufin asirin mata a littattafanmu na maza ne. Kuma da yake 'ya'ya maza ne ke riƙe da akwatin takardu, su ke ba da izini, su ke biyan kuɗin ɗab'i, littafin da iyali suka amince da shi yakan zama littafin ɗakin da ya fi ƙarfi. Uwar manyan 'ya'ya ta samu addu'a da shafi guda, wadda ba ta haihu ba a wuce ta, wadda aka saka kamar ba a taɓa yin ta ba.

Sirrin da ke da haɗari a wajenmu ma ba irin na Turawa ba ne. Wasiƙar soyayya ba ta cika kashe kowa a nan ba. Takarda ce da asali. Ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa a hukumance sai da izini, 'ya'ya kuma uba suke bi wajen zama 'yan ƙasa. Akwai gidajen da aka ɗaura aure a gaban malamin unguwa ba a kai ga hukuma ba, akwai matar da ta shigo da bizar umara ta zauna shekara talatin ba iƙama, wato takardar izinin zama, akwai 'ya'yan da aka rubuta da sunan wata. Jimla ɗaya da marubuci ya sa don ƙawata labari, cewa Malam ya auro ta a shekara kaza tana zuwa aikin hajji, tana iya zama hujja a kan mutanen da ba su san ana rubutu ba. Haka zancen asali. Ba a haramta bauta a ƙasar nan ba sai a 1962, wato akwai masu rai da suka ga zamanin. Rubuta cewa kakar wane sa-ɗaka ce gaskiya ce ta tarihi da masu bincike ke bukata, amma a wurin da har yanzu ake bin diddigin nasaba kafin a ba da aure, jikanyar da ke jiran a kawo kuɗin gaisuwa ita za ta ɗauki nauyin wannan gaskiya. Irin wannan ya fi dacewa a ɗauka a adana da sharaɗin shekaru, ba a buga gobe ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya kare sirrin wasiƙu da maganar waya. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani ta kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta kafofin sadarwa. Mai ɗora hoton matar marigayi a Facebook da sunan tarihi ya kwana da sanin wannan.

Sai dai kada a ɗauka duk shiru alheri ne, domin akwai inda shirun ke zama zalunci na biyu. Matar Mandela ta farko, Evelyn Mase, ma'aikaciyar jinya ce da albashinta ya riƙe gidan lokacin da yake karatun lauya. Sun yi aure a 1944, suka rabu a 1958. A takardun da ta shigar kotu ta zarge shi da duka, ya musanta, maganar ba ta kai ga hukunci ba. Shekaru da dama littattafai suna taƙaita rabuwar da cewa ita ta rungumi addini shi ya rungumi siyasa, har wani littafi na 2010 ya fito da takardun kotun. Shin tonon asiri ne? Ita da kanta ta kai maganar gaban alƙali. Imam Nawawi da ya lissafa wurare shida da giba ta halatta, na farko shi ne kukan wanda aka zalunta. Hindu bint Utba ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma Buhari da Muslim suka rubuta da sunanta da nasa, shugaban Ƙuraishawa guda. Ba su ce a rufa wa babban mutum asiri ba. Abin da ya wajaba a kan marubuci shi ne ya kawo zargin a matsayin zargi, ya kawo musun a gefensa, kada ya zama alƙalin da kotu ba ta zama ba.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen ƙarfin hujja. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, wanda hajjin da ya yi a 1964 ya sauya masa tunani a kan launin fata, an rubuta babban tarihinsa da ya fito a 2011 har ya ci kyautar Pulitzer. Aikin bincike ne na shekaru, amma shafukan da suka taɓa aurensa da Betty Shabazz sun jawo suka mai zafi, domin wasu zarge-zargen an gina su a kan mai yiwuwa da ga alama da maganar mutum ɗaya. Betty ta rasu tun 1997, marubucin ma ya rasu kwanaki kaɗan kafin littafin ya fito, aka bar 'ya'yanta mata da amsa tambayoyin 'yan jarida. Kalmar wataƙila ba ta da nauyi a bakin mai rubutu, amma mai karatu yakan yar da ita a hanya ya tafi da sauran jimlar. In hujjar ba ta isa a tsaya a kanta a gaban matar tana raye ba, mutuwarta ba ta ƙara wa hujjar ƙarfi.

Yanzu kuma kayan aikin sun canza. Iyayenmu da ba su iya rubutu ba kaset suke ɗauka su ba alhazai su kai gida, a dawo musu da amsa a wani kaset ɗin baɗi. Rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 ya sa gidaje da yawa sun buɗe akwatunan da aka daɗe ba a taɓa ba, aka ci karo da irin waɗannan kaset, muryar mace tana yi wa mijinta ƙorafin shekara uku ba aike, ko tana gaya masa abin da ba ta gaya wa uwarta ba. Ga mai tarihi wannan dukiya ce, don a nan kaɗai ake jin matan da bakinsu. Amma mutum ɗaya ta yi wa maganar. Na zamaninmu ya fi haka yawa: saƙonnin murya na WhatsApp na shekara goma suna cikin wayar mamaci, kuma wayar takan faɗa hannun ɗan da ya san lambar buɗewa tun kafin a share makoki. In gidan mata biyu ne, ɗan ɗaki ɗaya ke nan yake riƙe da duk abin da kishiyar uwarsa ta taɓa faɗa wa mijinta, kuma shi ne mutum na farko da mai rubuta tarihin zai nema.